Sunan da Babu a Littafin Tabita

Shafi na 27

Masu cika min waya da "ina cigaba", na ji ku. Wuta ce ta tafi kwana huɗu a unguwarmu, ba jan aji ba ne. Ku gyara zama.

*

Tun ranar Talata Dokta Tabita ta san wadda ta saki littafinta a waya. Kwana biyu ta yi tana yawo da maganar a cikinta, ba ta gaya wa kowa ba.

Shekara tara ta yi tana rubuta littafin, a kan yadda ake adana hatsi da wake a rumbu ba tare da an zuba musu guba ba. Wata biyar da fitowarsa ya shiga Watsaf. Ɗalibanta na jami'a suna tura wa juna, malaman gona suna da shi, har wata 'yar zumuntar mata a cocinsu ta nuna mata shi da murna, wai ɗanta ne ya turo mata daga Gombe. Kwalayen littafin kuwa suna nan jibge a falonta na Sabon Garin Wudil, wasu ko igiyarsu ba a kwance ba. Maɗaba'ar ta aiko cewa ba za ta sake bugawa ba.

Da zafin haka ta kai ƙara kwamitin ladabtarwa. Suka ba ta fom, suka ce in ta gano ɗalibin ta rubuta sunansa, za su zauna ranar Litinin. Labarin fom ɗin ya zaga sashen, kuma kowa ya san hukuncin kora ne.

Daniel, mai kula da kwamfutocin sashensu, shi ya buɗe mata kwafin da ke yawo. Suna bi shafi-shafi, a na tamanin da takwas ta ga rubutun hannunta da jan biro, inda ta gyara wata kalma.

Kwafi ɗaya tak ta yi wa wannan gyaran. Wanda ta ba Rahinatu.

Ta ce wa Daniel ya rufe, kanta na ciwo.

Rahinatu 'yar aji uku ce a sashen, amma ba a aji suka san juna ba. A shekarar da soja suka miƙa mulki aka turo Tabita daga Kaltungo ta yi bautar ƙasa a firamaren Achika, kuma Malam Maikano, kakan Rahinatu, shi ya ba ta ɗaki a gidansa. Lokacin yarinyar tana da shekara biyar, tana bin ta makaranta riƙe da gefen zanenta. Da ta girma ta samu jami'a, sai ta riƙa zuwa gidan Tabita duk Alhamis da yamma, ta yi mata kitso, su dafa dambu su ci a kwano ɗaya. Tun da Iliya mijin Tabita ya rasu, 'yarta Joy kuma ta yi aure a Jos, Alhamis ce kaɗai ranar da ake jin muryar mutum biyu a gidan.

Yau mako bakwai ke nan Rahinatu ba ta taka gidan ba.

Sai da Tabita ta aika mata saƙo sau uku kafin ta zo, bayan la'asar.

Ta yi sallama, ta zauna a kujerar da ke kusa da ƙofa. Ba ta cire hijabi ba, ba ta leƙa kicin ta buɗe tukunya ba yadda ta saba. Suka gaisa, aka tambayi gajiya da karatu da mutanen gida da jikin tsoho, kowace tambaya ta samu amsarta, amma babu wadda ta ɗaga kai ta kalli 'yar'uwarta.

Tabita ta tura mata waya a kan tebur.

"Rubutun wa ne wannan?"

"Naki ne, Anti."

"A littafin wa na yi shi?"

"A nawa."

Tabita ta kwana biyu tana shirya wa yarinyar ƙarya da kanta. Ta ce a ranta wataƙila ara aka yi, wataƙila a ɗakin kwanan ɗalibai ta manta shi wata ta ɗauka. Da Rahinatu ta faɗi ko ɗaya daga ciki, da ta karɓa hannu biyu.

"Arar sa aka yi a wurinki?"

"A'a. Ni na ɗauki hotonsa, shafi-shafi. Ni na sa a guruf ɗin ajinmu, na ce kowa ya tura gaba."

Tabita ta tashi ta gyara labulen da ba ya buƙatar gyara, ta dawo ta zauna.

"Me na yi miki, Rahina?"

Yarinyar ta daɗe tana murza bakin hijabinta kafin ta fara magana, kuma muryarta ba ta rawa.

Ta ce ranar da Tabita ta ba ta littafin, da murna ta tafi da shi Achika. Idon kakanta ya shekara biyu da rufewa, sai ta zauna kusa da shi a zaure tana karanta masa, tana mayar masa da Hausa. Da ta kai babi na huɗu, inda ake bayanin tokar karan dawa da ganyen darbejiya da ɓawon maɗaci, sai tsohon ya fara riga ta. Tana ɗauko jimla yana ƙarasa mata. Har misalin da ya saba bayarwa na yadda ake ƙwanƙwasa jikin rumbu a saurari amonsa, yana nan a ciki, ba a sauya ko kalma ba. Tsohon ya yi ta dariya yana buga cinya, yana cewa ashe Malama ba ta manta ba, ashe duk tana rubutawa.

"Sai ya ce in karanta masa wurin da kika sa sunansa."

Tabita ta sunkuyar da kai.

"Na buɗe shafin godiya. Kin gode wa Ubangiji. Kin gode wa Baba Iliya, Allah ya ji ƙansa. Kin gode wa shugaban sashe, da wanda ya buga miki rubutu, da direban da ya kai ki ƙauyuka. A can ƙasa kika ce, da manoman yankin baki ɗaya."

"Rahina…"

"Yana zaune yana jira, Anti. Ya karkato da kunnensa wajena. Na duba gaba, na duba baya. Sai na ɗora yatsa a kan layin da babu komai, na karanta masa cewa kina godiya ta musamman ga Malam Maikano na Achika, wanda ya koya miki abin da ke babi na huɗu."

Ta ja numfashi.

"Ban taɓa yi masa ƙarya ba sai ranar. Kafin magariba ya gaya wa duk wanda ya wuce ta ƙofar gida."

Daga titi ana jin manyan motoci suna wucewa, masu kawo shanu kasuwar gobe.

Rahinatu ta ce da ta dawo makaranta ta ga ana tilasta wa 'yan aji su sayi littafin, ciki har da 'ya'yan mutanen da aka je gonakinsu aka yi musu tambayoyi, sai ta ji ba za ta iya ba. Abin da aka karɓa kyauta a zauren kakanta, ta ga ya kamata ya koma kyauta.

A nan ne Tabita ta samu bakin magana, ta kuma yi ta da zafi.

Ta ce ba wanda ta tilasta wa, shugaban sashe ne ya sa littafin a jerin na karatu. Ta ce abin da tsoho ya faɗa mata a baki, ita ta kai shi ɗakin gwaje-gwaje ta auna, ta zubar da wanda ba ya aiki, ta gano dalilin wanda ke aiki. Ƙauye arba'in da ɗaya ta zaga, ba Achika kaɗai ba. Babi goma sha biyu ne a littafin, ba guda ba. Wasu shafukan a gefen gadon Iliya ta rubuta su a asibiti, yana barci tana riƙe da hannunsa da hagu tana rubutu da dama. Ta ce kuma a ƙa'idar bincike ba a cika bayyana sunan wanda aka yi hira da shi ba.

"Amma an bayyana na direba," in ji Rahinatu.



Akwai abin da Tabita kaɗai ta sani. A kundin digirinta na uku, rubutun farko, sunan Malam Maikano yana nan a saman babin, da manyan baƙi. Wani farfesa da ya duba aikin ya ja masa layi, ya ce ba a kafa hujja da wanda bai shiga aji ba. Ta cire don ta wuce. Amma da ta zo mayar da kundin littafi, babu farfesan da ke tsaye a kanta. Ta tuna da sunan. Har ta rubuta shi, ta zauna tana kallonsa, sai ta ji tsoron kada a ce babin da kowa ya fi yabawa ba nata ba ne. Ta goge.

Ba ta faɗi wannan ba. Maimakon haka ta tashi ta buɗe jakarta, ta fito da wani ɗan littafi mai koren bango, ta jefa shi a cinyar Rahinatu.

Daniel ne ya tsinto shi a kasuwa makon da ya wuce, wurin masu sayar da iri da maganin feshi. Babi na huɗu ne da na biyar, an ciro su daga kwafin waya an buga a takarda mai arha. A bangon an rubuta sunan wani Injiniya Ɗantani, har da hotonsa sanye da hula da tabarau.

"Duba da kyau. Kin ƙwato wa kakanki haƙƙinsa? Ga shi nan. Yanzu ba nawa ba ne, ba nasa ba ne, na wani ne da bai taɓa leƙa cikin rumbu ba."

Rahinatu ta juya littafin, ta buɗe, ta karanta layi biyu. Ta ce wallahi ba ta san an yi wannan ba, ba haka ta nufa ba.

"Wanda ya buɗe ƙofar gidan mutum ba ya zaɓar wanda zai shiga. Da kin zo kin same ni. Da kin zauna a nan kin zage ni, da na ji. Mako bakwai ina dafa abincin mutum biyu ina zubarwa, ashe kina can kina raba ni a waya."

Idon yarinyar ya cika da hawaye, amma ba ta bari sun zubo ba. Ta ajiye koren littafin a kan tebur a hankali.

"Na yi laifi, Anti. Amma yanzu kin ji yadda abin yake."

Tabita ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi.

"Tashi ki fita."

Rahinatu ta tashi. A bakin ƙofa ta ɗan tsaya kamar mai jiran a kira ta. Ba a kira ta ba.

*

Ranar Juma'a da sassafe, kafin zuciyarta ta huce, Tabita ta cike fom ɗin. Ta rubuta cikakken suna da lambar ɗaliba da aji, ta sa hannu, ta kai wa sakatariyar kwamitin. Matar ta buga masa hatimi ta sa a fayil, ta tambaye ta ya gida.

Ta shiga aji ta koyar, ba ta san me ta koyar ba. Kujerar Rahinatu ta layi na biyu babu kowa a kai.

Wajen ƙarfe ɗaya ta kasa zama. Ta koma ofishin kwamitin da sauri har tana tuntuɓe a matakala, ta tarar da kwaɗo a ƙofa. Masinja ya ce sakatariyar ta wuce Kano, sai Litinin da safe, kuma fayil ɗin ya riga ya tafi gidan shugaban kwamiti.

Ta zauna a bencin da ke barandar. Jami'ar ta yi tsit, kowa ya tafi masallaci ko kasuwa. Ta kira Joy, wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Can saƙo ya shigo cewa tana wurin aiki, za ta kira daga baya. Tabita ta bi jerin sunayen da ke wayarta daga sama har ƙasa, sunaye fiye da ɗari uku, ba ta ga wanda za ta iya gaya wa abin da ta yi ba.

Shekara goma sha biyar a ƙasar Wudil. A coci ana ce mata Dokta, a kasuwa ana ce mata Malama, a sashe ana gaishe ta da girmamawa. Gida ɗaya ne aka taɓa ce mata 'yar gida, shi ne kuma ta yi shekara shida ba ta je ba.

Da ta koma Sabon Gari ta yanke igiyar kwali ɗaya, ta ciro sabon kwafi ta sa a jaka.

*

Da hantsin Asabar ta isa Achika. Dawa ta yi kai a gonaki, hanyar duk ta lalace da ruwan ƙarshen damina, sai da ta bar motar a bakin makaranta ta ƙarasa da ƙafa.

Hansai, mahaifiyar Rahinatu, ita ta fara gani tana shanyar kuɓewa a ƙofar gida. Ita ke kula da tsohon tun da ya makance. A da in Tabita ta zo, Hansai kan saki abin da ke hannunta ta rungume ta. Yau ta amsa gaisuwa duka, ta tambayi hanya da aiki da Joy, amma hannunta bai bar kuɓewar ba.

"Yana zaure," ta ce.

Malam Maikano na zaune a kan buzu, ya rame, gemunsa ya yi fari fat. Tare da shi akwai abokansa biyu, Gwadabe da Haladu, tsofaffi kamarsa. Rahinatu na tsugune a gefe tana dama masa fura. Da ta ga Tabita ludayin ya tsaya a hannunta.

Tabita ta durƙusa ta gaishe shi. Tun kafin ta gama ya gane muryar.

"Malama ce? Tabita ce ta Kaltungo? Matso in ji hannunki."

Ya riƙe hannun da nasa biyu, ya yi ta jero tambaya. Ya yi mata ta'aziyyar Iliya kamar jiya aka yi rasuwar. Ya ce wa abokansa ga ta nan, wadda ya ba su labarinta, yarinyar da ta zo ba ta iya ko riƙe fartanya ba, yau ga shi ana karanta ta a birni. Gwadabe da Haladu suka yi ta sa albarka.

Sai ya tambaya ko ta zo da littafin. Ta ce ta zo da shi.

"To madalla. Jikata ta karanta min, amma na fi so in ji daga bakin mai shi. Buɗe wurin da kika ambace ni, waɗannan su ji."

Tabita ta ce tana so su yi magana su biyu tukuna. Ya ce ai waɗannan ba baƙi ba ne.

Ta ciro littafin. Ta buɗe shafin godiya. Ta ɗaga kai ta ga Rahinatu na kallonta, tana girgiza mata kai a hankali, idonta na roƙo. Kalmomin ma Rahinatu ta riga ta ba ta su shekaranjiya, ba sai ta ƙirƙira ba. Layi ɗaya ne, ta karanta a tashi lafiya.

Ta rufe littafin.

"Baba, babu sunanka a ciki."

Ba wanda ya motsa.

"Na rubuta shi da farko. Aka ce in cire, na cire. Daga baya ba wanda ya hana ni mayarwa, ni ce ban mayar ba. Na ji tsoron a ce aikin ba nawa ba ne. Rahina ba ta so ranka ya ɓaci, shi ya sa ta faɗa maka abin da ta faɗa."

Haladu ya yi gyaran murya, ya ce ya tuna ya bar akuya a ɗaure a rana. Gwadabe ya ce bari ya taya shi. Suka lallaɓa suka fice, ko takalmi ba su tsaya sawa daidai ba.

Tsohon ya shafa gashin buzun da tafin hannu. Rahinatu ta fara kuka marar sauti.

"Daina, Rahina," ya ce. "Na sani."

Dukansu suka kalle shi.

Ya ce sau uku ya sa yarinyar ta karanta masa wurin, a ranaku daban-daban. Ran farko ta ce godiya ta musamman. Ran na biyu ta ce godiya marar iyaka. Ran na uku har ta ƙara masa Alhaji, shi da bai taɓa zuwa Makka ba. Ya ce bai yi boko ba, amma ya yi allo, ya san abin da aka rubuta ba ya sauya kaya. Sai dai kafin ya gane, bakinsa ya riga ya zaga gari.

"Na rasa yadda zan janye. Shi ya sa na ce ki karanta a gabansu. In kin yi min ƙarya ta huɗu, in haɗiye in yi shiru. In kin faɗi gaskiya, kin sauke min kaya."

Tabita ta ce ya yafe mata. Ta ce za ta gyara, ko da maɗaba'a ba ta yarda ba za ta nemi wata, sunansa zai hau saman babin yadda yake da farko.

Ya girgiza kai.

"Ba nawa za ki sa ba."

Ya juya fuskarsa wajen ƙofar da ke shiga cikin gida, kamar mai ganin wani abu a wurin.

Ya tambaye ta ko ta tuna lokacin da take zuwa da littafinta da biro, ta yi masa tambaya, ya ce mata bari ya shiga ya yi alwala, ko bari ya duba tunkiya, sai ya dawo da amsa.

Ta tuna. Har tsokanarsa takan yi cewa alwalarsa ba ta ƙarewa.

"Wurin Uwa nake zuwa."

Uwa ita ce matarsa, mahaifiyar Hansai. Mace ce marar yawan magana, wadda Tabita ta fi saninta da miƙo kwanon tuwo ta bayan zana. Shekara biyu da rasuwarta. Tabita ba ta zo gaisuwa ba, saƙo ta aiko ta bakin Rahinatu, lokacin tana fama da gyaran littafin.

Tsohon ya ce shi noma ya iya, ya kawo dami gida, iyakarsa ke nan. Abin da ke faruwa a cikin rumbu kuwa aikinta ne. Ita ta san tokar da ake so, da lokacin tsinkar ganye, da amon rumbun da ƙwari suka shiga. A wurin kakarta ta koya. In ya shiga ya tambaye ta, takan faɗa masa tana tankaɗe, ya fito zaure ya faɗa kamar daga kansa ya ciro.

"Wata rana ta ce min, Malam, in baƙuwar ta tambayi wa ya koya maka, me za ka ce? Na yi dariya na ce ba za ta tambaya ba. Ba ki kuwa tambaya ba. Ni ma ban faɗa ba."

Muryarsa ta dushe.

"Tun da aka karanta min babin nan, muryarta nake ji. Ni kaɗai a zauren nan, dare da rana. Ina murna an ambace ni, ashe ni ma abin wata na ɗauka."

Tabita ta share fuskarta da bakin gyale. Ta laluba jaka ta ciro biro, ta buɗe bangon littafin ta ciki. Ta ce Uwa ai laƙabi ne, tana son sunanta na yanka da na mahaifinta, ta rubuta yanzu a gabansa.

Tsohon ya buɗe baki zai faɗa.

"Dakata, Baba."

Hansai ce tsaye a ƙofar zaure, faifan kuɓewa a hannunta. Ba wanda ya san tun yaushe take wurin. Idonta ya yi ja, amma maganarta a natse take.

"Sunan uwata ba zai shiga ko'ina ba sai na ji abu ɗaya. Rahina ta gaya min an ba Malama takarda ta rubuta wanda za a kora ranar Litinin."

Ta ajiye faifan a ƙasa. Ta dubi Tabita ido cikin ido, karon farko tun zuwanta.

"Kin rubuta?"

Biron na hannun Tabita. Rahinatu ta daina kuka tana kallonta. Tsohon ya karkato da kunnensa.

"Na rubuta," in ji Tabita. "Na kuma riga na kai tun jiya da safe."

"Sunan wa?"

"Na Rahinatu."